Yadda wata 'yar ciyawa ta tsira a tsibiran Cape Verde ta hanyar lalata ƙwayoyin gadonta

Akwai wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis thaliana wadda in ka ganta a tsagar dutse ko kallo na biyu ba za ka mata ba. Dangin kabeji ce, amma ba a ci, ba a magani da ita, ko akuya ba za ta ƙoshi da ita ba. Ganyenta kwance yake a ƙasa ya yi zobe, daga tsakiya sai wani siririn kara ya miƙe kaman santimita 20 ko 30 da 'yan fararen furanni a kai, irinta kuma ƙanana ne sosai, ƙwara ɗaya ba ta wuce rabin milimita ba, in ka yi atishawa kusa da takardar da aka zuba su to ka ɓata wa wani aikin wata biyu. Amma duk cikin tsirrai babu wadda masana suka yi wa binciken ƙwaƙƙwafi kamarta, sabida daga shuka zuwa sabon iri sati shida zuwa takwas ne, gindi ɗaya yana ba da iri dubbai, tana yi wa kanta barbara ba ta jiran kowa, kuma kundin gadonta ƙarami ne, kromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, biyar kacal. Wani Bajamushe Friedrich Laibach ne tun 1943 ya ce a riƙa amfani da ita wajen nazarin gado, a 2000 kuma ta zama shuka ta farko da aka karanta DNA ɗinta, wato rubutun gadon da ke jikinta, gaba ɗaya.

Matsalar ita ce kusan kowane lab, wato ɗakin bincike, a duniya layi ɗaya yake shukawa, wato zuriyar gindi ɗaya, wanda ake ce wa Col-0, sunan ya samo asali daga garin Columbia na jihar Missouri a Amurka inda George Rédei ya yi aiki da ita. To in an ce "Arabidopsis tana yin kaza", yawanci Col-0 ake nufi. Alhali ciyawar nan tana fitowa da kanta tun daga Suwidin har Maroko, daga Sifen har tsakiyar Asiya, har kan tsaunukan gabashin Afirka, kuma na kowane waje da nasa halin. Wanda nake so mu duba shi ne na tsibiran Cape Verde, don ni a wajena babu wani misali da ya fi shi nuna yadda bambancin gado yake tasowa a daji, da kuma yadda masana za su iya riƙe abu a hannunsu shekara talatin ba su san labarinsa ba.

Cape Verde tsibirai ne guda goma a cikin tekun Atlantika, kusan kilomita 570 yamma da gaɓar Sanagal, duk dutse mai aman wuta ne ya haifar da su, ba su taɓa haɗuwa da babban yankin Afirka ba. Babu mutum ko ɗaya a cikinsu sai da Turawan Fotugal suka iso wajejen 1460. Ƙasa ce busasshiya, damina gajeriya daga Agusta zuwa Oktoba in ma ta zo, ƙurar hunturu da ke tasowa daga Sahara har can take kaiwa. Arabidopsis kuma a tsibirai biyu ake samunta, Santo Antão a arewa da Fogo a kudu, tsakaninsu fiye da kilomita 200 na ruwa. In ka ja layi a taswira zuwa gabas, Santo Antão daidai take da Agadas, Fogo kuma daidai Tawa, wato wajen da babu wanda zai zaci ciyawar ƙasashen sanyi za ta rayu. Abun da ya cece ta shi ne tsauni. Can sama take fitowa, a gefen da iskar arewa maso gabas ke bugowa da gajimare, inda hazo ke jiƙa duwatsu ko da ba a yi ruwa ba.

A farkon shekarun 1980 wani masanin tsirrai Bajamushe, Wolfram Lobin, ya tsinko ta a can, irin ya shiga rumbun ajiya aka sa masa suna Cvi-0. Shi kenan fa, layi ɗaya tak. Kuma da aka fara shuka ta a Turai sai aka ga ta fita daban da kowa, don haka masu neman ƙwayoyin gado suka yi mata caa, tunda in kana so ka gano wace ƙwaya ce ke sa wani hali to kana buƙatar iyaye biyu da suka bambanta sosai. A jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, Maarten Koornneef da Carlos Alonso-Blanco suka haɗa ta aure da wani layin Turai mai suna Ler, suka fitar da layukan jikoki 162 a 1998, kowane ɗaya da nasa gaurayen gadon uwa da uba. Da waɗannan layukan aka yi ta haƙo abubuwa. A 2001 aka gano cewa Cvi-0 tana da wani sauyi a ƙwayar CRY2, mai aikin jin haske, amino asid ɗaya ne kawai ya canza, wato tubali ɗaya cikin jerin tubalan da ke gina furotin ɗin da ƙwayar ke samarwa, amma ya sa take fure da wuri ko da yini gajere ne, alhali na Turai sai sun ga yini ya yi tsawo tukuna. A 2006 aka gano DOG1, wadda ke da hannu wajen sa irinta yin dogon barci ya ƙi tsirowa ko ka jiƙa shi, sai ya yi watanni a bushe. A 2014 kuma MPK12, wadda ke sa ƙananan ƙofofin ganyenta buɗewa fiye da na sauran, tana ɓarnar ruwa kenan, abun mamaki ga shukar da ta fito daga ƙasar fari.

Duk wannan aiki ne mai kyau babu musu, har yau littattafan koyarwa da shi suke misali. Amma tambayar da babu mai iya amsawa ita ce, waɗannan halaye na duk ciyawar Cape Verde ne ko kuwa na wannan gindi ɗaya da Allah Ya sa hannun Lobin ya faɗa a kai? Daga ina ma ta zo, yaushe? Sauye-sauyen nan a tsibirin suka taso ko da su ta iso? Da samfur ɗaya ba ka da ta cewa. Kowa yana rubuta "wataƙila don ta dace da yanayin tsibirin ne" a ƙarshen takarda ya wuce.

A 2016 aka fitar da babban aikin nan da ake kira 1001 Genomes, an karanta DNA na layuka 1,135, kuma sakamakon ya nuna yawancin na Turai da Asiya 'yan gida ɗaya ne da suka bazu bayan ƙanƙarar duniya ta ƙarshe ta narke, sai wasu tsiraru da suka rage daga tsoffin zuriya, galibinsu a Sifen da Fotugal. Cvi-0 ta faɗa cikin tsirarun nan, ta fi kowa ma nisa. Sai dai in ka duba taswirar inda aka tattaro samfuran za ka ga Afirka kusan fanko ce, kuma da yawa a lokacin sun ɗauka ciyawar baƙuwa ce a nahiyar, Turawa suka shigo da ita ko kuma ɗan ɓurɓushi ne ya gangaro. Shekara ɗaya bayan nan, 2017, tawagar Angela Hancock, cikinsu akwai Arun Durvasula da Andrea Fulgione, suka karanta samfura 78 daga Afirka, mafi yawansu daga Maroko, sai lissafi ya juye. Bambancin gado da ke cikin na Afirka ya fi na ko'ina, tsoffin rassan zuriyar a nan suke, hatta nau'uka uku na ƙwayar da ta shafi barbarar kai duk an same su tare a Maroko. Wato ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce tun fil azal, kawai dai babu wanda ya zo ya duba. Wannan kam laifin masu tattara samfur ne, kowa inda motarsa ke kaiwa a hutun bazara yake tsinka.

To daga nan ne mutanen Hancock, a cibiyar Max Planck ta binciken kiwon tsirrai da ke birnin Kolon a Jamus, suka yi abun da ya kamata a ce an yi tuntuni, suka koma tsibiran da kansu, shekara bayan shekara, tare da haɗin gwiwar ma'aikatan gandun daji na ƙasar, suna hawa duwatsu suna neman ciyawar a wurare irin su Cova da Pico da Cruz da Espongeiro a Santo Antão, da Monte Velha a Fogo. Suka ajiye na'urorin auna zafi da laima a wuraren, suka ɗebo ƙasa, suka karanta DNA na layuka sama da 300. Sakamakon ya fito a 2022 a mujallar Nature Communications.

Abu na farko, asali. Dangi mafi kusa da na Cape Verde su ne na Maroko, kuma lissafin ya nuna ciyawar ta sauka a tsibiran shekaru 5,000 zuwa 7,000 da suka wuce, wato dubban shekaru kafin jirgin Fotugal na farko, don haka ba mutum ne ya kawo ta ba. Santo Antão ta fara zama, daga baya wasu suka tsallaka Fogo, kuma tun daga nan tsibiran biyu kowa ya kama gabansa. Waɗanda suka kafa zuriyar tsiraru ne ƙwarai, har ta kai kusan duk bambancin da ake gani yau tsakanin ciyayin tsibiran sabo ne, a can ya taso, babu shi a Maroko babu shi a ko'ina. Wannan shi ne abun da ya sa lamarin ya zama na musamman. A Turai in ka ga wani sauyin gado ya yawaita ba ka san ko tun shekaru dubu ɗari yake yawo ba, ko daga maƙwabta ya shigo, komai ya cakuɗe. A nan kuwa an fara ne da allo wankakke, duk abun da aka rubuta a kai za ka iya bin sawunsa ka ce wannan ya riga wannan. Yadda ake samun shekarun ma ba wani siddabaru ba ne, an riga an auna tun 2010 cewa a kowane ƙarni na wannan ciyawa, daga uwa zuwa 'ya, ana samun kimanin kuskuren kwafi ɗaya a duk kundin gadon, to in ka ƙirga yawan kurakuran da suka taru sai ka juya su zuwa shekaru.

Abu na biyu shi ne irin tarkon da baƙin suka faɗa. A tsaunukan Atlas na Maroko lokacin girma dogo ne, ciyawar takan tsiro da kaka, ta kwanta ta sha sanyin hunturu tana tara ganye, sai bazararsu ta shigo ta yi fure. A Cape Verde lokacin laimar bai kai rabin wancan ba, kuma babu wani sanyin kirki. Masu binciken suka saita ɗakin shuka ya kwaikwayi yanayin tsibirin daga bayanan da na'urorinsu suka tattaro, zafi da laima da tsawon yini da lokacin da ruwa ke ɗaukewa, suka shuka na Maroko da na tsibiran gefe da gefe. Na Maroko da yawansu haka suka zauna suna ta ganye, kore shar, suna jiran sanyin da ba zai zo ba har fari ya cimma su ba su ajiye iri ba. Na tsibiran kuwa tuni sun yi fure sun zuba iri.

A nan sai an ɗan yi bayanin injin da ke ciki. Akwai ƙwayoyin gado biyu, FLC da FRI, waɗanda aka gano a 1999 da 2000, ɗaya daga cikin manyan masu aikin ita ce Caroline Dean a cibiyar John Innes ta Ingila. FLC birki ce, muddin tana aiki shuka ba za ta yi fure ba. FRI kuma ita ce ƙafar da ke danne birkin, tana sa a riƙa samar da FLC da yawa. Dogon sanyi na makonni shi ne ke kashe FLC a hankali har birkin ya saki. A ƙasar da ake hunturu mai tsanani wannan dabara ce mai kyau, tana hana shuka yin gaggawar fure a kaka sanyi ya zo ya ƙone furen. A tsibirin da babu sanyi kuwa dabarar ta koma hukuncin kisa.

Sai ga abun da ya faru. A Santo Antão wani harafi ɗaya na DNA ya canza a cikin FRI, inda ya kamata a karanta amino asid na 232 sai ya zama alamar tsayawa, furotin ɗin da ya kamata ya kai amino asid 609 ya yanke tun bai kai rabi ba, ya tashi daga aiki. Babu mai danna birki, fure ya matso da kusan wata guda. A Fogo kuma FRI ɗinsu lafiyarta ƙalau, birkin kansa ne ya lalace, kuma lalacewar ban dariya ma, don alamar tsayawar ta faɗo ne a amino asid na uku. Na uku fa, cikin 196. Tantanin shuka zai fara karantawa, ɗaya, biyu, sai ya ci karo da "tsaya", shi kenan babu FLC. Nan ma fure ya matso da kimanin wata guda, iri kuma ya ƙaru sosai a yanayin tsibirin. Tsibirai biyu, ba sa musayar iri, matsala ɗaya, kowanne ya fasa wani ɓangare daban na inji ɗaya. A Fogo duk gindin da aka duba yana ɗauke da lalatacciyar FLC, ta shafe tsohuwar gaba ɗaya. A Santo Antão lalatacciyar FRI ta yi rinjaye amma har yanzu akwai masu tsohuwar a wasu wurare.

Abun da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin. Da suka sake gina tarihin yawan ciyawar daga DNA, sai suka ga bayan saukarta ta jima tana 'yar ƙarama, da ƙyar take maye kanta, kuma lokacin da adadinta ya fara hauhawa ya zo daidai da lokacin da waɗannan sauye-sauye suka bayyana suka fara bazuwa. Masana suna da tsohon hasashe a kan haka, cewa zuriyar da ta faɗa muhallin da bai dace da ita ba tana kan hanyar ƙarewa, sai dai in wani sauyi mai babban tasiri ya riga mutuwa isowa. A kwamfuta da kwalaben ƙwayoyin cuta an sha nuna shi, amma a ga sawunsa a daji, da sunan ƙwayar gadon da harafin da ya canza da kiyasin lokacin, wannan ba kasafai ba. Ya kuma taɓa wata tsohuwar muhawara, don akwai masu cewa sabawa da muhalli kullum ta hanyar ɗaruruwan ƙananan sauye-sauye take zuwa, kowanne da ɗan tasirinsa. Hakan na faruwa, amma ga ƙaramar zuriya da ke nesa da inda ya kamata ta kasance babu lokacin tara ƙwabbai, babban tsalle ɗaya ne ke fidda ita. Kuma babban tsalle mafi sauƙi shi ne ɓata abu, don hanyoyin lalata ƙwayar gado ɗaruruwa ne, hanyar ƙirƙiro sabuwa mai amfani kuwa ƙalilan. Ko Col-0 da Ler na lab ma FRI ɗinsu a lalace take, kowacce ta hanyarta daban, shi ya sa suke saurin fure har masana suka so su tun farko.

Kada dai a ɗauka ciyawar ce ta zauna ta yi shawara. Kuskuren kwafi yana faɗowa ne ko'ina ba tare da la'akari da buƙata ba, yawancinsu ba sa komai, wasu cutarwa suke. Irin wannan lalacewar ta FLC in a tsaunin Atlas ta faru ƙila mai ita ya yi fure a lokacin da bai dace ba ya tafi da ita kabari. Wuri ne ya mai da aibi ya zama riba.

Wanda ya san noman gero ba zai ji wannan labari baƙo ba, don bambancin gero da maiwa kenan, ɗaya yana sauri ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, ɗaya yana jan lokaci sai damina mai tsawo. Kuma an yi bincike makamancin wannan a Nijar, Yves Vigouroux da abokan aikinsa suka kwatanta irin geron da aka tattara daga ƙauyuka a 1976 da wanda aka sake tattarawa daga ƙauyukan a 2003, bayan shekarun fari na tsakani, suka shuka su tare, suka ga na 2003 ya fi saurin fidda kai, kuma nau'in ƙwayar PHYC mai sa saurin fure ya ƙaru a cikinsa. An wallafa a 2011. Amma akwai bambanci babba tsakanin lamuran biyu. Gero iska ke masa barbara, gona ɗaya cike take da bambancin gado, don haka da fari ya zo nau'in mai sauri yana nan a cikin rumbu, yawansa kawai ya ƙaru, cikin shekara 27 an ga canji. Ciyawar Cape Verde ba ta da wannan jarin, da hannu biyu ta iso, dole ta jira sabon kuskure ya faɗo a daidai wajen, kuma jiran ya ɗauki dogon lokaci.

In ka dawo kan tsoffin abubuwan da aka gano a Cvi-0 da wannan ido sai su fara ma'ana. Sauyin CRY2 ashe ba na gindi ɗaya ba ne, a Santo Antão ya taso kuma ya yaɗu sosai a can. Na MPK12 ma haka, wani aikin da ya biyo baya a 2023 ya nuna a tsibirin ya taso ya yawaita. Wato ɓarnar ruwan nan da ta ba mutane mamaki tsari ne, shukar ba ta ƙoƙarin jure fari, guje masa take, ta buɗe ƙofofin ganye ta shaƙi iska ta girma da gudu lokacin da hazo ke nan, ta yi fure, ta zuba iri, ta mutu, irin kuma ya yi barcinsa a tsagar dutse har wata daminar.

Akwai wani abu da ya sa tafiyar ta yiwu tun farko wanda sai ka kalli danginta za ka gane. 'Yar'uwarta ta kusa, Arabidopsis lyrata, yawancin zuriyarta ba ta karɓar barbarar kanta, furen yana gane garin da ya fito daga jikinsa ya ƙi shi, sai ƙwaro ya kawo na wani gindin. Irin wannan in ƙwara ɗaya ta faɗa tsibiri to ta yi fure ta mutu a banza. Ita thaliana kakanninta sun rasa wannan tsarin tun dubban ɗaruruwan shekaru, nan ma lalacewar ƙwayar gado ce, don haka gindi ɗaya ya isa ya kafa gari. Farashin shi ne ƙarancin bambanci, ribar kuma, da yake kowace ƙwayar gado kwafi biyu ce a jikin shuka, duk sauyin da ya taso nan da nan yake zama kwafi biyu a jikoki ya nuna kansa, ba ya ɓuya a bayan lafiyayyen kwafi.

Saura labarin ƙasar Fogo, wanda ni ya fi birge ni ma. Fogo dutse ne mai aman wuta da har yanzu yake raye, ƙololuwarsa mita 2,829, aman da ya yi daga Nuwamban 2014 zuwa farkon 2015 ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira. Ƙasar wajen sabuwa ce, baƙa, toka da tsakuwar wuta, kuma da aka auna ta sai aka ga sinadarin manganis da shuka za ta iya sha ya yi ƙaranci matuƙa, shi kuwa manganis in babu shi ganye ba zai iya sarrafa hasken rana ba. Abun da ya fara tona zancen shi ne launi. Da aka shuka layukan Fogo a ƙasar tukunya ta yau da kullum a Jamus sai ganyen wasunsu ya riƙa fitowa ɗorawa-ɗorawa, fari-fari, kaman marasa lafiya, ga na Santo Antão a gefe kore. Emmanuel Tergemina ya bi sawun abun, aikin ya fito a Science Advances a 2022.

Ashe mataki biyu ne. Na farko, ƙwayar IRT1, wadda ita ce babbar ƙofar da saiwa ke shan sinadarin ƙarfe da ita, ta lalace, nan ma alamar tsayawa ce ta faɗo a amino asid na 130. A ko'ina wannan masifa ce, Col-0 in ka cire mata IRT1 ɗorawa take yi ta tsumbure sai an yi ta ba ta ƙarfe. Amma a Fogo rashin IRT1 ya ƙara yawan manganis a ganye, kuma da yake manganis ne abun da ya fi ƙaranci sai sauyin ya bazu da sauri ya mamaye tsibirin duka. An toshe rami ɗaya an buɗe wani, yanzu ga manganis amma ga yunwar ƙarfe. Mataki na biyu sai wata ƙwayar, NRAMP1, wadda ita ma tana iya shigo da ƙarfe da manganis, ta riƙa ninkuwa, kwafi a jere kusa da kwafi, kuma ba sau ɗaya ba, a gindi daban-daban ninkin ya faru da kansa, har jimillarsu ta kusa mamaye tsibirin. Yawan kwafi yawan ƙofofi, ƙarfe ya dawo daidai gwargwado, ganye ya ƙara kore. Tsarin yana da muhimmanci, don ninkin NRAMP1 ya zama abun so ne bayan IRT1 ta riga ta faɗi.

Dabarar ninka ƙwaya ba baƙuwa ba ce a gidan. Wata 'yar'uwar tasu, Arabidopsis halleri, tana rayuwa a ƙasar da ta gurɓace da zinki da kadmiyam a tsoffin wuraren haƙar ma'adinai na Turai, tana tara su a ganye har matakin da zai kashe wata shukar, kuma a 2008 aka nuna cewa babban sirrin shi ne ƙwayar HMA4 da take da kwafi uku a jere maimakon ɗaya, kowanne kuma yana aiki da ƙarfi fiye da na thaliana. Ita halleri yawan zinki da kadmiyam ne matsalarta, na Fogo kuma rashin manganis da ƙarfe.

Cvi-0 dai 'yar Santo Antão ce, DNA ya tabbatar, don haka ba ta da lalatacciyar FLC, ba ta da lalatacciyar IRT1, ba ta da ninkin NRAMP1. Duk rabin labarin nan na Fogo babu yadda za a yi a same shi daga irin da ke cikin rumbun ajiya ko da an shekara ɗari ana haɗa ta aure da Ler. Yanzu layukan tsibiran biyu suna hannun masu bincike, ana amfani da su wajen duba wasu halayen, kuma tunda a Santo Antão har yau akwai masu tsohuwar FRI da masu sabuwa a tsibiri ɗaya, za a iya komawa a ƙirga su a ga wanne ke ƙaruwa a shekarun fari da shekarun ruwa.